Hilux tawa na ƙara a gaba tun da anka ɗaga ta

Mai Albasa Tawa: Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah a ba ni shawara. Hilux ce gare ni ta 2012, na saye ta Yamai bara hannun abokin wana, da ita nake ɗauko albasa wajen Keita da Buza, kun san hanyar nan da damina, sau biyu cikinta na bugun ƙasa a kori har na kwana daji, shi ya sa na sa anka ɗaga ta santimita 7 na sa manyan tayu. Sati uku ke nan in na taka rami sai in ji gwaf gaba hagu, in na murɗe bolan (sitiyari) duka kuma kas kas kas. Makanike ya ce amortisa ne, wato abin da ke shanye girgizar rami, na canza biyu jika 60, ƙarar tana nan. Jibi ina da lodi, wallahi ko barci ban yi.

Usta Garaji: Wa alaikumus salam. Ƙanena cuta biyu ce. Kas kas wajen murɗa bolan kardan ne, sandar da ke juya tayar gaba, ba tantama. Difaransiyel na gaba, mai raba ma tayu ƙarfin inji, yana ɗaure da shasi, da ka ɗaga sai taya ta yi ƙasa ta bar shi, kardan ya koma aiki a karkace. Duba sufule, robar da ke rufe mahaɗin kardan, in ya tsage za ka ga baƙin giris cikin janti. Gwaf kuma rotil na sama ne, mahaɗin da ke riƙe taya. Sa kirik ka ɗaga motar, kama taya sama da ƙasa ka girgiza, in ta yi wasa ka gano cutar. Santimita 7 ya yi yawa, maida 5.

Direban Abalak: Ni biyelet ce ta yi min haka, ƙaramin ƙarfen da ke haɗe da sandar hana mota tangaɗi. Amma Allah ya isa tsakanina da wanda ya saida min jabu ya ce orijinal, kwana 10 ta yi, na koma ya ce bai san ni ba.

Ɗan Konni: Rulma ne (boris na taya) Alhaji, canza shi.

Usta Garaji: Rulma gurnani yake, yana ƙaruwa da gudu, ba ya kas kas. Kar ku sa shi ƙara asara. Ƙanena an yi paralelizim, wato daidaita tayu, bayan ɗagawar?

Mai Albasa Tawa: Usta na gode amma ban iya sauke ta, kai ba ka bi korin nan ba. Maƙwabcina tasa ta hi tawa tsawo kuma lahiya lau take. Makanikena ma shekara 8 muna tare, bai taɓa cuta ta ba.

Usta Garaji: Ban ce ya cuce ka ba. Rotil in ya hita kana gudu da lodi, taya kwanciya take. Ka girgiza tayar ko a'a?

Direban Abalak: Duba biyelet dai tukun.

Mai Albasa Tawa: To yanzu in na tai a hankali ba ta kai ni Keita jibi in dawo?