Ƙuma a kunne: ina neman Hausarsa kafin gobe

Malamar Damagaram: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 4 zan gabatar da darasi a rediyo kan maganganun kunne na Turanci da Faransanci, da yadda Bahaushe ke faɗinsu. Wasu sun zo da sauƙi. "Turn a deaf ear" da "faire la sourde oreille" na ba su kunnen uwar shegu. "All ears" da "être tout ouïe" kuma kasa kunne. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne na Faransanci "mettre la puce à l'oreille", wato kalma da kalma sa wa mutum ƙuma ("puce") a kunne. Na ga Turanci ma yana da "a flea in his ear", na ɗauka abu ɗaya ne.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki haɗa su. Ƙumar ɗaya ce, cizon ne daban. Bature in ya sallami mutum da ƙuma a kunne, wanke shi ya yi tas, ya kore shi. Bafaranshe kuwa zargi ya ɗarsa masa: wata 'yar magana ce mutum ya ji, sai ya fara sa ido. Na farko wankin babban bargo. Na biyu, in ana nufin wanda ya ji, ya sha jinin jikinsa.

Ɗan Maraɗi: Ni dai ina ganin a ce "sa ƙuma a kunne" kai tsaye. Duk wanda ƙuma ta taɓa ciza a tabarma ya san ba ta barin mutum ya rintsa, haka zargi yake. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Turanci harsunan aiki. Harshen ƙasa dole ya riƙa haifar sabbin maganganu.

Bakano: A'a, ƙanena. Je ka kasuwar Kurmi ka ce wa mai turare "an sa mini ƙuma a kunne", zai miƙo maka tsinken sakace. Abin da muke da shi ba a aro shi. Tsegunta masa, ko ƙyanƙyasa masa, sun wadatar. Daidaitacciyar Hausa ba ta san ƙumar nan ba.

Ɗan Maraɗi: Yaya, daidaitacciya a wurin wa? Kullum sai a ce Kano. Da aka zauna daidaita rubutun Hausa a 1980, a Yamai aka zauna.

Bakano: Rubutu aka daidaita, ba a ba kowa izinin cusa Faransanci cikin Hausa ba.

Hajiya, Sakkwato: Ku yi haƙuri, baiwar Allah na da aiki gobe. Kuma tsegunta bai cika daidai ba, don mai tsegumi da gangan yake yi. Wannan kuwa ko takardar kuɗi da ka gani a aljihun yaro tana iya sa maka "puce". Na fi yarda da ɗarsa zargi. Wani tarkon, Malama: "tirer les oreilles" jan kunne ne kamar namu, amma "se faire tirer l'oreille" jan ƙafa ne, sai an yi ta lallashin mutum. Sannan "up to my ears" a bashi, Bafaranshe wuya yake ambata, mu ma iya wuya muke cewa.

Bazazzagi: Wannan na wuya ki buɗe darasin da shi, masu sauraro za su ji daɗinsa.

Malamar Damagaram: Allah ya saka da alheri. Na rubuta wankin babban bargo ga na Turanci, ɗarsa zargi ga na Faransanci. Ƙumar zan ambace ta a matsayin fassarar kalma da kalma kawai. Saura "play it by ear", har yanzu babu wanda ya taɓa shi.

Ɗan Maraɗi: Na amince saboda lokaci, amma ban janye ƙumata ba. Wancan kuma ki ce "ma ga abin da hali ya yi".

Bakano: Wannan kam Hausa ce.