Tayar tsere da ake kira "slick": wane suna ya dace da ita a Hausa?

Assalamu alaikum malamai, da masu faci, da duk mai sha'awar babur. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya tun makon jiya, na ga gara in kawo ta gabanku. Ina rubuta wa matasan majalisarmu bayani kan tseren babura na 'yan sha'awa a Amurka, wato mutanen da ke da aikinsu na ofis ko na gareji, ranar Asabar da Lahadi su ɗora babur a bayan mota su tafi filin tsere, kuma daga aljihunsu kuɗin taya ke fita. Ƙungiyoyi irin su WERA da CCS da AFM ta Kalifoniya ne ke shirya musu gasa, kowace da littafin dokokinta. Da na zo babin taya sai na ci karo da "slick", na rasa abin da zan rubuta.

Ga yadda take. Taya ce da aka ƙera ba zane ko ɗaya a jikinta, roba ce zalla daga wannan gefe zuwa wancan. Idan kwalta a bushe take, kuma tayar ta ɗau zafi, ba tayar da ta kai ta kama ƙasa, domin duk fuskarta na kan kwalta, kuma robarta mai laushi ce, tana mannewa kamar ƙaro. Shi ya sa za ka ga mahayi ya kwanta a kwana har gwiwarsa na gogar ƙasa bai faɗi ba. Amma da an yi yayyafi shi ke nan, ruwa ba shi da hanyar fita, sai ya shiga tsakanin roba da kwalta, babur ya ƙwace.

Sunan na da muhimmanci ne saboda dokar gaba ɗaya a kan wannan bambanci aka gina ta. An daɗe a irin waɗannan ƙungiyoyi ana raba aji biyu: ajin baburan da suka kusa da yadda aka sayo su daga shago, inda ake sharɗanta taya mai hatimin DOT, wato alamar Ma'aikatar Sufuri ta Amurka da ke nuna an yarda a hau titi da ita, da ajin manyan baburan da aka yi wa inji aiki, inda aka sakar wa mutum mara ya sa slick. Dalilin bai wuce kuɗi ba, don kada mai kaurin aljihu ya saye gasar tun daga shagon taya. Dokar takan canza daga ƙungiya zuwa ƙungiya, daga shekara zuwa shekara, amma tambayar da mai duba babur ke yi kafin a shiga fili ita ce dai: akwai zane ko babu?

Na gode da amsoshin da suka shigo tun da safe. Bari in bi su.

Wanda ya fara amsawa ya ce a kira ta "taya mai santsi", tunda abin da kalmar ke nufi ke nan. Ɗan'uwa, a nan ne nake ganin fassarar ƙamus za ta kai mu ta baro. Santsi a wurin Bahaushe abin kayarwa ne, santsin kuɓewa, santsin dandaɓe bayan ruwa. Wanda ya ji "taya mai santsi" zai ɗauka taya ce mai zamewa, alhali an ƙera wannan ne don kada ta zame. Sunan zai faɗi kishiyar aikinta.

Wasu biyu sun ce "mai sanƙo", wani ya ce "siɗaɗɗiya". Waɗannan su suka fi tayar mini da hankali, kuma ina roƙon a bar su. Sanƙo gashi ne da ya kasance sannan ya zube. Taya ta siɗe kuwa kowa ya san ta, ita ce wadda ɗan acaɓa ya bi da ita har zanenta ya ƙare, wani lokaci har zare ya leƙo. Robarta ta tsufa, ta yi tauri, ta yi siriri. Idan muka ba tayar tsere sabuwa fil sunan wannan, gobe yaro zai kalli bidiyon MotoGP, babbar gasar tseren babura ta duniya, ya dubi tayar baburinsa da ta cinye ya ce ai irin ta 'yan tsere ce. Ba abin da ya haɗa su sai kama a ido. A Ingila doka ta ce babur da girman injinsa ya wuce cc 50 sai zurfin zanen tayarsa ya kai milimita 1 kafin ya hau titi, mota kuma milimita 1.6. Siɗaɗɗiyar taya laifi ce a can, a nan kuma ta sha kai mutane asibiti.

Wata malama ta kawo "sumul". Malama, wannan ta yi daɗi a baki, kuma ba ƙarya a cikinta. Matsalata da ita kawai ita ce siɗaɗɗiyar ma sumul take.

Sai wani dattijo mai faci, wanda ya ce ya fi shekara talatin yana cire taya, ya ce shi a wurinsa abin da ke jikin taya tsaga ce, kamar tsagar fuska. Baba, Allah ya ƙara lafiya, ina jin kai ka warware mana. Tsaga ba ta zuwa da kanta kuma ba ta gogewa, wanzami ne ya sa aska ya yi ta da niyya. Don haka idan aka ce wane ba shi da tsaga, ba wanda zai fahimci tasa ce ta goge, kowa ya san ba a taɓa yi masa ba. Ainihin slick ke nan, taya ce da ba a taɓa tsaga ta ba. "Marar zane" ba za ta yi wannan aikin ba, domin da "zanenta ya ƙare" muke siffanta wadda ta cinye.

Abin da ya ƙara gamsar da ni shi ne kalmar ta jawo 'yar'uwarta. Da aka sharɗanta hatimin DOT a gasa, kamfanonin taya sai suka fito da wata taya ta tsere wadda aka yi wa 'yan tsagogi kaɗan iya abin da zai sa ta samu hatimi, gefunanta kuwa, inda babur ke kwanciya a kwana, babu komai. Duk wanda ya taɓa ganin tayar Diablo Supercorsa ta kamfanin Pirelli ya san abin da nake nufi. Wannan ai "mai bille" ce, tsaga guda a kunci don a san gidan da ta fito. Hatimin nan na DOT ma ba baƙo ba ne a wurinmu: lambobi huɗu na ƙarshensa su ne jami'an kiyaye haɗurra ke cewa a duba don sanin shekarun taya, 1423 na nufin mako na 14 a shekarar 2023.

Tayar ruwa ba ta ba mu wahala ba, kusan kowa ya ce "tayar damina", mai tsaga zurfafa da ke watsar da ruwa kamar lambatu, wadda ƙungiyoyi da yawa ke yarda a sa idan an ayyana fili a jiƙe. Rigar lantarkin da ake naɗe taya da ita ta ɗumama zuwa wajen digiri 80 a ma'aunin Celsius kafin a fita kuwa, "bargon taya" ya ishe ta.

Wani matashi ya tambaya game da gasar da ake tilasta wa kowa tayar kamfani ɗaya, kamar yadda gasar Superbike ta duniya ta koma Pirelli kaɗai a 2004, MotoGP kuma ta koma Bridgestone a 2009 sannan Michelin a 2016. Shi ya ba da shawarar "tayar anko". Na karɓa hannu biyu, ƙanena.

Ga yadda na rubuta sakin layin yanzu, ku karanta da ƙarfi ku ji ko ya zauna a kunne: "A wannan aji ba a yarda da taya marar tsaga ba. Mai bille ta halatta muddin tana da hatimin DOT. Idan aka ayyana fili a jiƙe, kowa na iya sa tayar damina." Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku ne ban ji daga gare ku ba tukuna. Da wane suna masu facinku ke kiran abin da ke jikin taya, zane ko tsaga?