Zanzibar da amarya, wa ya taɓa zuwa ya ba mu haske?

Ango_Loading:
Salam jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Bikina ƙarshen Maris in sha Allahu, ita kuma amarya tun muna zance ta kafe sai ta ga teku da idonta, ta gaji da gani a TikTok. Da farko Maldives muka leƙa, da na ga kuɗin otal na rufe wayar shiru, shi ne wani abokina ya ce in duba Zanzibar tunda garin musulmi ne ba matsalar abinci. Niyyata mu tashi farkon Afrilu mu yi sati ɗaya. Daga Kano ya ake zuwa? Biza fa? Wane gefe ya fi dacewa a sauka, don duk hotunan iri ɗaya nake ganinsu.

Baban Khairat:
Wa alaikumus salam ango, Allah sa alheri. Kafin komai fara da biza, kar ka biya ko sisi na otal tukuna. Zanzibar ƙarƙashin Tanzaniya take kuma mu masu fasfon Najeriya ba a ba mu biza a filin jirgi, sai ka cike ta intanet ka jira amincewa daga can, tana iya ɗaukar makonni, so ka ba ta kamar wata biyu. Sai katin allurar shawara, yalo kad ɗin nan, kai da amarya duka. Sannan tun Oktoban 2024 sun sa inshorar dole ga duk baƙo, dala 44 kowane mutum, ko kana da wata inshorar sai ka biya tasu. Jirgi kuwa Ethiopian na tashi daga Kano, ku sauka Addis Ababa ku canza zuwa Zanzibar.

Amma Afrilu?? Tsakiyar daminarsu kenan fa, daga Maris zuwa Mayu ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Otal na araha lokacin shi ya sa za ka ga farashi ya yi maka daɗi. In za ta haƙura ku ɗaga zuwa Yuni ko Yuli.

Aunty Zee:
Ƙanina Allah ya sanya albarka. Maganar wane gefe ita ce babbar magana wlh, kuma hoto ba zai nuna maka ba. Mu Paje muka sauka ta gabas, waje mai kyau yashi fari tas, amma ruwan tekun janyewa yake sau biyu kullum, ka fito da safe da shirin wanka ka tarar ya tafi can nesa sai ka yi ta tafiya a ƙasa kafin ya kai maka gwiwa, mata suna ta aikin gonakin ciyawar teku a inda jiya ka yi iyo, ga wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya a tsakanin duwatsu, maigidana ya taka ɗaya ranar da allura muka yini muna cirewa. Ku sayi takalmin roba na ruwa. In amarya wanka take so kowane lokaci to arewa za ku, Nungwi ko Kendwa, can ruwan baya guduwa sosai kuma ana ganin faɗuwar rana. Sai dai akwai hayaniya da Turawa da shigarsu ta ninkaya, ka san dai. Ni da burkini na shiga, kayan ninkaya masu rufe jiki, ba wanda ya kalle ni sau biyu.

Dan Kwari:
Ni inda zan ja kunnenka otal ɗin da ake biyan komai a dunƙule. Kaso mai tsoka na kuɗin na giya ne, kai da ba sha kake ba me ya kai ka? Ɗauki mai karin kumallo kawai ka riƙa cin kifi a waje. Kuma kar ku ƙare satin a bakin ruwa, ku yi kwana biyu a Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, da magariba ku je Forodhani, lambun bakin teku da ake kasuwar abincin dare, ku ci gasasshen kifi da ruwan rake, amma tambayi farashi KAFIN a zuba maka. Akwai gonakin kanumfari da kirfa, akwai tsibirin Changuu mai manyan kunkuru. Samarin bakin teku za su dame ka da tallan yawon kwalekwale, kar ka yarda da kuɗin farko. Dala kuma sababbi za ka riƙe, masu canji basa son tsofaffi.

Aunty Zee:
@Dan Kwari ai ba kowa ke son fita neman abinci da dare ba, amarci fa suka je. Ni na fi son a haɗa da abincin dare.

Ango_Loading:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na nuna mata, ta yarda da Yuli amma ta ce Kendwa ko a fasa. Baban Khairat wajen cike bizar nan suna neman shaidar otal ne ko tikiti kaɗai ya isa? Fasfonta ma bai fito ba tukuna.