Neman kalmar Hausa: me za mu kira irin sayen da aka yi wa Manchester United?

Assalamu alaikum. Zaren nan zai ɗan yi tsawo, sai ku yi mini haƙuri. Wata kalma ce ta tsaya mana a wuya a gidan kallon ƙwallon unguwarmu da ke Tudun Wada, nan Zariya, kusan mako uku ke nan muna juya ta. Ina ganin mun kai ga gaci, amma ina so masu kunnen Hausa su saurara kafin mu ɗaure a kai.

Ga yadda abin ya faro. An tashi wasa, mai gida ya kashe janareta, muka gangara teburin mai shayi kamar kullum. United ta sha kashi, kuma duk wanda ya san magoya bayanta ya san inda maganar ke ƙarewa: ba kan koci ba, ba kan 'yan wasa ba, kan iyalan Glazer, masu ƙungiyar. Ana cikin hayaniya sai ɗan yayata, yaron da ke aji biyar na sakandare, ya ja hannun rigata ya ce, "Kawu, in dai da kuɗinsu suka sayi kulob ɗin, mene ne naku na tsine musu? Ai mai kaya shi ke da iko da kayansa." Wani ɗalibi da ke zuwa daga Samaru ya amsa masa da cewa ai ba da kuɗinsu ba ne, "lebarej" suka yi. Yaron ya ce mene ne lebarej? Mu wajen goma sha biyu a bencin nan, har da masu digiri, babu wanda ya iya ba shi amsa a kalma ɗaya ko biyu. Mai shayi ma ya tsaya da sheƙa shayin da ke hannunsa yana jiran ya ji.

Abin ya tsaya mini a rai. Shekara ashirin ina jin haushin wani abu, amma ba ni da sunansa a harshen da nake jin haushin da shi.

Cikakkiyar kalmar a Turance ita ce leveraged buyout. Ga abin da ya faru, don mu san abin da muke raɗa wa suna. A 2005 attajirin Amurka Malcolm Glazer ya saye Manchester United a kan kusan fam miliyan 790. Kafin zuwansa ƙungiyar ba ta da bashi a wuyanta. Kaso mafi tsoka na kuɗin cinikin rance ne, kuma abin da aka ajiye wa masu ba da rancen shi ne ita ƙungiyar da ake saye da kadarorinta. Aka wayi gari bashin sama da fam miliyan 500 ya koma kanta. Kuɗin tikiti, kuɗin talabijin, kuɗin riguna, daga ciki ake cire kuɗin ruwa duk shekara. Daga baya ƙungiyar ta shafe shekaru tana biyan ribar hannun jari, wadda mafi yawanta aljihun iyalan ta shiga. Shi Malcolm ya rasu a 2014, 'ya'yansa shida suka ci gaba da riƙo, bashin kuma har yau bai sauka ba. Ko da attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe ya shigo a farkon 2024 da kaso 27.7 cikin 100 ya karɓi ragamar harkar ƙwallo, rinjaye na hannunsu.

To wannan shi ne abin da za a kira da Hausa. Sauran kalmomin rikicin shugabanci ba su ba mu wahala ba. Muna da hannun jari, muna da hukumar gudanarwa, muna da masu ƙaramin kaso da masu rinjaye. Ina ganin dalilin da ya sa wannan ɗaya ta gagare mu shi ne ba mu saba ganin irinta a ƙwallon gida ba. Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi duk na gwamnatocin jihohi ne, rikicinsu bai wuce a ce an rushe hukumar gudanarwa an naɗa ta riƙo ba, kuma wannan kowa na iya faɗinsa ba gargada.

Shawarar farko da aka kawo ita ce "sayen bashi". Nan take na ƙi ta, don tana da mai ita. In na je kasuwar Sabon Gari na ɗauki buhun shinkafa sai ƙarshen wata, na yi sayen bashi, kuma ni ake bi, ba shinkafar ba. Wanda ya ji an ce Glazer ya yi sayen bashi zai ma tausaya masa ne, ya ce Allah ya hore masa abin biya. Kalmar ta ɓoye ainihin abin da muke so a gani, wato a wuyan wa bashin yake.

Sai wani abokinmu mai tuƙa keke napep ya ce, "Malam, ai ni ma haka na mallaki kekena. Alhaji ya ba ni, kullum ina kai balas, keken ne ya biya kuɗin kansa. Ku ce saye mai biyan kansa." Gaskiya wannan ta ɗaure ni kwana biyu, don akwai kama sosai. Amma da na sake haɗuwa da shi na tambaye shi, ranar da keken ya kwana a gareji, wa Alhaji ke nema? Ya ce shi, in bai same shi ba ya nemi wanda ya tsaya masa. Na ce wa ke shan rana daga PZ zuwa Kwangila? Ya ce shi. To nan suka rabu. Mai keke gumin kansa da sunansa ya sa a ciki. Ban da haka, "mai biyan kansa" yabo ne a kunnen Bahaushe, kamar a ce ciniki ya yi albarka. Ba zan so a raɗa wa abin da ya bar rufin Old Trafford, filin wasan United, yana yoyo suna mai daɗi haka ba. Duk mun ga ruwan nan yana kwarara daga rufin ranar wasan Arsenal a Mayun 2024, a wannan gidan kallon muka gani, kuma 'yan Arsenal na unguwarmu ba su bar mu mun manta ba.

Wadda ta fi samun tafi ita ce "sayen gardi", daga karin maganar nan, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Wallahi ta dace da zafin zuciyata. Amma habaici ne, ba suna ba. Mai karanta labaran wasanni a rediyo ba zai iya cewa an yi wa Burnley sayen gardi a ƙarshen 2020 ba tare da ya zama ya yanke hukunci ba, alhali irin wannan ciniki aka yi mata. Kuma ba a ƙwallo kaɗai ake yin sa ba, ana sayen kamfanoni da masana'antu ta wannan hanya, wani lokaci ma a gama lafiya. Sannan a garin nan na ilimi, gardi ba mai wasa da kura kaɗai ba ne, akwai gardawan makarantar allo, kuma ba na son mu ja sunansu cikin maganar cin bashi da ruwa.

Wanda ya buɗe mana hanya ba ya ma kallon ƙwallo. Wani dattijo ne manomi daga wajen Giwa da ke sauka gidan ɗansa kusa da mai shayin. Ya saurare mu har muka gaji, sannan ya ce, "Yara, wannan ai jingina ce kuke ta kewaye-kewaye." Na ce, "Baba, yi mana bayani." Ya ajiye kofinsa ya ce a ƙauye in buƙata ta taso wa mutum, yakan karɓi kuɗi a hannun wani ya ba shi gonarsa jingina. Gonar tana nan da sunan mai ita, amma mai kuɗin ne ke cin amfaninta har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Ya ce, "Abin da ban taɓa ji ba shi ne mutum ya jinginar da gonar da bai riga ya mallaka ba, ya karɓi kuɗin ya biya mai gonar da su. In Turawa na yin haka, to sun fi mu ƙarfin hali."

Ɗan yayata na wurin. Ban ƙara masa ko kalma ɗaya ba ya ce, "Au, ashe kulob ɗin ne ya sayi kansa ya ba su." Abin da lebarej ta kasa yi a mako biyu, jingina ta yi shi kafin shayi ya huce.

Kuma da na auna ta da abin da ya faru a Liverpool sai na ga ta zauna daram. Tom Hicks da George Gillett sun sayi ƙungiyar a 2007, bashi ya taru a kanta, mafi yawa na bankin RBS, sama da fam miliyan 200. Da wa'adin biya ya matso a Oktoban 2010, hukumar gudanarwa ta rabu biyu: mutum uku ƙarƙashin shugaban hukumar Martin Broughton suka amince a sayar, masu ƙungiyar biyu suka ƙi, har suka yi yunƙurin tsige biyu daga cikin ukun. Magana ta kai babbar kotu a Landan, kotu ta ba hukumar gaskiya, aka sayar wa kamfanin John Henry a kan fam miliyan 300, masu ita na ji na gani. Duk wanda ya san jingina ba zai yi mamaki ba. In wa'adi ya cika ba ka fanshi gonarka ba, bakinka ba shi da nauyi a zaman da za a yi a kanta.

Sai muka tsaya a kan "sayen jingina", na rubuta na tura wa mutane. Wata malama da ta karanci Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello ta dawo mini da gyaran da ban iya musantawa ba. Ta ce, "Malam, sayen jingina a kunnena yana nufin sayen kayan da wani ya jinginar ya kasa fansa. Ka ga mai sayen ya fita fes, laifin ya koma kan mai kayan farko." Ta yi gaskiya. United ba jinginanniya ba ce kafin 2005, mai sayen ne ya jinginar da ita. Dole kalmar ta nuna cewa hannun da ya saya shi ne hannun da ya jinginar.

Ita ce kuma ta tuna mini cewa Hausa na da ƙirar da ke yin wannan aiki, inda ake jera aiki biyu na mutum ɗaya su zama suna. Muna cewa yaƙin sari-ka-noƙe. Muna kiran tangaran faɗi-ka-mutu. A kan wannan ƙira muka gina tamu:

sayi-ka-jinginar.

Na gwada ta a baki ta hanyoyi da dama, don kalmar da ba ta shiga jimla ba ta daɗewa. Iyalan Glazer sun yi wa United sayi-ka-jinginar. Magoya baya sun fito zanga-zangar ƙin cinikin sayi-ka-jinginar. A Yunin 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince a hana sayi-ka-jinginar zalla, wato sayen ƙungiya da bashi ɗari bisa ɗari. Duk sun tafi sumul. Tana kuma raba abubuwan da muke cakuɗawa a gardama. Sayen da attajirin Rasha Abramovich ya yi wa Chelsea a 2003, da wanda asusun zuba jarin Saudiyya ya jagoranta a Newcastle a 2021, kowanne na da nasa abin faɗa, amma ba sayi-ka-jinginar ba ne. Wanda ke da kalmar ba zai sake cewa duk masu kuɗi ɗaya ne ba, zai tambaya kuɗin daga ina, kuma wa zai biya.

Na san tana da tsawo, gaɓa shida. Wani ya ce yara za su gutsure ta. Su gutsure, in dai jinginar ta tsira a ciki. Na kuma san wasu za su ce a bar lebarej kawai tunda mun ari fenariti da kona da ofsaid ba mu mutu ba. Amma waɗannan ido na ganinsu a fili, yaro na kallo sau biyu ya gane. Wannan kuwa a ofis ake ƙulla ta, a takarda, ba kyamarar da ke nuna ta, saboda haka in sunan bai yi bayani ba babu abin da zai yi. Mutanen Manchester da suka fice suka kafa tasu ƙungiyar, FC United, a 2005, da waɗanda suka riƙa ɗaura gyale kore da ruwan ɗorawa a 2010, da waɗanda suka kutsa cikin Old Trafford a Mayun 2021 har aka ɗage wasan Liverpool, duk sun san sunan abin da suke yaƙa. Mu da ke biyan kuɗin benci duk mako a Tudun Wada da Gyallesu da Ƙofar Doka mun cancanci mu san shi da namu bakin. Garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai kamata ya rasa kalma ɗaya ba.

Saura abu guda da ban gama yanke wa ba, kuma a nan nake neman ku. Mutum biyu sun ce mini "sayi-ka-jingine" ta fi sauƙi a harshe. Ni a wurina jingine abu shi ne a ajiye shi gefe, kamar a jingine magana ko a jingine tsani a bango, jinginar da abu kuwa shi ne a ba da shi a madadin kuɗi, don haka na tsaya a kan jinginar. Haka kunnen Zazzau ya ji. 'Yan'uwa na Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, ku faɗa mini ko haka take a wajenku. Ranar Asabar akwai wasa, kuma na yi wa Baba alkawarin zan kawo masa amsarku kafin ya koma Giwa.