An cinye mini kuɗin gas, NFT kuma bai fito ba. Wa zan kama?

Mai_Zayyana:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da ni, sabon shiga ne.

Sana'ata zayyanar allo ce, irin wadda ake yi wa ɗalibi in zai yi sauka. Wurin kawuna na koya, a nan cikin birnin Kano. Ƙanena da ke karatun kwamfuta ne ya ishe ni da cewa ana sayen irin wannan zane a intanet a matsayin NFT, wato shaidar mallakar hoto da ake yi wa rajista a can, har ya nuna mini labarin wani Ba'amurke, Beeple, da aka sayi aikinsa dala miliyan 69 a 2021. Ni dai ban sa rai da miliyoyi ba, ko kuɗin tawada ya fito alhamdu lillahi. Na zaɓi allo guda, ado ne zalla babu aya a jiki, kafin wani ya tambaya. Na fitar da shi tsakar gida da hantsi na ɗauki hotonsa, na sayi kuɗin intanet ɗin nan ETH kaɗan na zuba a walat, wato manhajar da ake ajiye shi.

Daren Talata na zauna zan buga shi, wato in mayar da hoton NFT, a kan Ethereum, tsarin da ETH ke gudana a kai. Walat ta nuna kuɗin gas, wato ladan aikin, 0.0045 ETH. Na ga ya yi yawa. Sai na hangi wani gurbi an rubuta 150,000, kuma ana iya canzawa. Na ce ashe ana ciniki, kamar a Kurmi. Na goge na sa 60,000, kuɗin ya sauko 0.0018, na danna ina jin na yi wayo. Ba a yi minti biyu ba sai ga jan rubutu, wai gas ya ƙare, aiki bai yiwu ba. Na duba walat, 0.0018 ɗin ta tafi, kusan naira dubu takwas a canjin ranar. NFT kuwa babu shi babu dalilinsa.

To ko POS ne ya zare maka kuɗi bai biya ba, ka san bankin da za ka je ka cike takarda. Nan wa ke riƙe da kuɗina, kuma ina ake kai kuka?

Injiniya_Zariya:

Wa alaikumus salam. Malam, sai haƙuri, wannan kuɗin ba zai dawo ba, kuma babu ofishin da ya riƙe shi. Tun gyaran da aka yi wa Ethereum a watan Agustan 2021, kuɗin gas kashi biyu ne: babban kason ƙone shi ake yi, wato a shafe shi daga duniya gaba ɗaya, ɗan abin da ya rage kuma tukuici ne ga mai tantancewar da ya sa aikinka cikin bulok, wato shafi guda na rijistar Ethereum.

Abin da ka taɓa ba farashi ba ne, shi ya sa. Lambobi biyu ake ninkawa. Ɗaya yawan gas, wato nauyin aikin. Ɗaya kuma farashin kowane gas, ana lissafa shi da gwei, kuma gwei biliyan ɗaya ne ETH guda. Naka 60,000 sau gwei 30, shi ne 0.0018 ɗin nan. Tura ETH kawai daga walat zuwa walat gas 21,000 yake ci, ba ragi ba ƙari. Amma buga NFT kira ne ga kwangila mai zartar da kanta, wato ɗan shirin kwamfuta da ke zaune a kan bulokchen, rijistar nan da dubban kwamfutoci ke riƙewa tare: zai rubuta sabuwar lamba, ya rubuta mai ita, ya ajiye adireshin hoton. Kowane rubutu da kuɗinsa, kuma ajiyar sabon bayani ita ta fi komai tsada.

Ka ɗauka shatar mota ka yi daga Kano zuwa Zariya, direba ya ce man kaza zai kai, kai kuma ka ce rabi za a zuba. Mota ta tsaya a Kwanar Dangora. Ba ka isa ba, amma man ya ƙone, gidan mai kuma ba ruwansu. Bambancin kawai, ita kwangilar ba ta barin ka a hanya: in bai kammala ba, komai sai ya koma yadda yake, ban da kuɗin gas. Da ana mayarwa, da wani mugu ya rubuta shirin da ba ya ƙarewa ya yi ta wahalar da dubban kwamfutoci kyauta.

Abin takaicin, 150,000 ɗin iyaka ce kawai. Da aikin ya ci 120,000, da ragowar ta zauna a walat ɗinka. Don haka kar ka sake taɓa wannan gurbin. In sauƙi kake so, jira cunkoso ya ragu, galibi bayan asuba agogonmu lokacin Amurka na barci, ko Asabar da Lahadi. Ko ka koma hanyoyin da aka gina a kan Ethereum ɗin, irin su Base da Arbitrum da Optimism. Tun gyaran Dencun na Maris 2024, kuɗinsu sau da yawa bai kai na ruwan leda biyu-uku ba.

Uwar_Biyu:

Sannu Malam, Allah ya mayar da alheri. Ni gargaɗi na zo yi, domin yanzu da ka faɗa a fili an cinye maka kuɗi, ka saurari masu turo maka saƙo a ɓoye. Za su ce su ma'aikatan walat ne, ka turo kalmomin sirri 12 da aka ba ka lokacin buɗe walat a dawo maka da kuɗinka. Duk wanda ya riƙe kalmomin nan, walat ta zama tasa.

Ni lalle nake yi, ina sa hotuna a Instagram. Wata mai hoton Baturiya ta rubuto mini, wai zane uku ta gani sun tafi da ita, za ta biya ETH biyu kowanne, amma sai na buga su a wani shafi da ta turo, in fara biyan kuɗin gas ta wata asusu da suka bayar. Har na fara lissafin injin wanki da firji. Maigidan ne ya ce, ke, wa ya taɓa taya kaya bai tambayi farashi ba? Gas na gaskiya walat ɗinka ce ke cire shi lokacin da ka danna, ba a tura wa mutum shi. Kuma ka riƙa karanta abin da kake sa wa hannu, akwai izinin da in ka bai wa kwangila, tana iya kwashe duk NFT ɗinka na wannan rukunin ba tare da ta sake tambayarka ba.

Ɗan_Sabon_Gari:

Dubu takwas? Ka gode wa Allah, Malam. Lokacin da kamfanin Yuga Labs ya sayar da filayen wasan intanet na Otherside a matsayin NFT a 2022, mutane sun biya dubban daloli a gas kaɗai, wasu kuma aikin ya faɗi. Kamfanin ne daga baya ya biya waɗanda nasu ya faɗi daga aljihunsa, ba Ethereum ba. Tun wasan kyanwoyin NFT na CryptoKitties a ƙarshen 2017 ake wannan turmutsitsin.

Ni abin da zan tambaye ka, wa zai saya? Kasuwar nan ta 2021 ta daɗe da watsewa. Bugawa ba wuya, mai saye ne aiki. Hoton ma yawanci ba a kan bulokchen yake ba, adireshinsa kawai ake ajiyewa. Kason da ake cewa mai zane zai riƙa samu duk sanda aka sake sayarwa, shi ma kasuwanni da yawa sun mayar da shi ganin dama. Ban hana ka ba, amma kar ka zuba abin da zai hana ka barci.

Mai_Zayyana:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, misalin Kwanar Dangora ya zauna mini, ashe ni na hana a cika tanki. Hajiya, kamar kina gani: mutum biyu sun riga sun rubuto, ɗaya har da "Salam Alhaji". Na toshe su.

Yau bayan asuba ƙanena ya taya ni muka buga shi a kan Base, ban taɓa ko lamba ɗaya ba, ya wuce nan take. Sai dai mayar da ETH ɗin zuwa Base ma ya ɗan ci nasa, wannan ba wanda ya gaya mini. Yanzu mutum huɗu sun duba shi, ina zargin uku ƙanena ne. Allon kansa yana rataye a shago, jiya wani bawan Allah ya taya shi dubu ashirin da biyar. Injiniya, in na sallama masa allon, NFT ɗin fa, nawa ne har yanzu ko sai na gaya masa?