Waifai na ta yankewa a kwamfutata, amma wayata lafiya lau

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana ku taimaka min, laftof ɗina ta sa ni gaba yau kusan mako uku ke nan. Sai ina tsakiyar aiki waifai ya yanke, alamarsa ta ƙasan allo ta koma hoton duniya, in yi jiran minti ɗaya ko biyu kafin ya dawo. Wani lokaci ma ba ya dawowa sai na kashe shi na sake kunnawa. A awa ɗaya yakan yi min haka sau huɗu ko biyar. Jiya muna taron aiki ta bidiyo ya yanke har sau uku, kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya ɗaure min kai shi ne wayata da ta maiɗakina duk a rauta ɗaya (na'urar da ke raba mana waifai a gida) suke da ita, amma ko gezau. Windows 10 ce a kanta, shekararta huɗu a hannuna. Na kashe rautar na kunna, na kashe kwamfutar na kunna, duk kanwar ja ce. Me ya kamata in yi?

Wani mamba:
Wa alaikumus salam. Rautarka ce ta gaji, sayi sabuwa ka huta.

Mai gyaran kwamfuta:
Haba ɗan'uwa, ka karanta tambayar har ƙarshe kuwa? Ya ce wayoyi biyu suna aiki lafiya a kanta. Kada mu sa bawan Allah ya kashe kuɗinsa a banza.

Malam, kafin ka taɓa komai, mu fara gano inda igiyar take tsinkewa, don wuri biyu ne: ko tsakanin kwamfutarka da rauta, ko tsakanin rauta da kamfanin intanet. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ipconfig, ka duba lambar da ke gaban "Default Gateway". Adireshin rautarka ke nan, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Sai ka rubuta ping -t tare da wannan lambar, umarnin da zai riƙa aika wa rautar saƙo yana jiran amsa. Ka buɗe taga ta biyu ka rubuta ping -t 8.8.8.8, wanda adireshi ne na can waje a intanet, ka bar su biyun suna gudana kana aikinka. Idan abin ya yanke ka leƙa. In ta biyun ce kaɗai ta daina samun amsa, matsalar daga waje take, ba ruwan kwamfutarka. In dukansu suka tsaya, to tsakaninka da rautar ne. Ctrl da C ke tsayar da shi.

Gwaji na biyu ya fi wannan sauƙi: ka kunna hotsfot a wayarka ka haɗa laftof ɗin da shi na awa biyu. In a can ma ya yanke, rauta ta fita daga zargi. Sannan ka faɗa mana, yana yankewa ne lokacin da take kan batir, ko har da caja a jiki?

Wata 'yar'uwa:
Irin wannan ya taɓa samuna, ashe kwamfutar ce ke kashe katin waifan da kanta wai don ta tanadi batir. Ka danna maɓallin Windows da X, ka shiga Device Manager, ka buɗe "Network adapters", ka danna sau biyu a kan wanda sunansa ke ɗauke da Wireless ko Wi-Fi. A shafin "Power Management" akwai akwatin da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar don tanadin wuta, ka cire alamar da ke ciki. Wasu sababbin kwamfutoci ba su da wannan shafin, to in ba ka gan shi ba kada ka damu. Ni dai tun da na cire ban sake ganin matsalar ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin tagogi biyun, kuma duka biyun suke tsayawa lokaci ɗaya. Da hotsfot kuwa, in wayar tana kusa da kwamfutar a kan tebur ba ya yankewa, amma da na kai ta ɗaya ɗakin caji sai ya fara halinsa. Hajiya, na cire alamar da kika ce. Kamar ya ɗan ragu, amma da safen nan ya yanke sau biyu. Da caja da babu caja duk ɗaya ne.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta:
Yaya, ina ganin cunkoso ne a zangon 2.4 GHz, ɗaya daga cikin zangunan rediyo da waifai ke aiki a kansu. Wannan zangon kowa a cikinsa yake: rautocin maƙwabta, bulutut, linzamin kwamfuta marar waya, har da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef da ke aiki a wajen 2.45 GHz. Tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. In rautarka tana da 5 GHz ka koma can, ya fi sauri kuma ba cunkoso sosai, sai dai ba ya ratsa bango kamar 2.4. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne na'urorin USB 3.0 suna fitar da hayaniya a daidai wannan zangon, har kamfanin Intel ya fitar da takarda a kan haka a 2012. In kana da rumbun ajiya na waje da kake maƙalawa, cire shi ka gani.

Ka kuma sabunta direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. In kuma bayan wata sabuntawa ce abin ya fara, akwai "Roll Back Driver" da zai mayar da kai tsohon. In duk sun ƙi, ka yi "Network reset", amma ka tanadi kalmomin sirrinka don zai manta da duk waifan da ka taɓa shiga.

Wani mamba:
Ku bar wahalar da shi, ya goge komai ya ɗora Windows 11 kawai. Ai Windows 10 ta mutu.

Mai gyaran kwamfuta:
Ƙanina ɗalibi, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ka jero masa magani biyar a lokaci guda. In ya sha duka ya warke ba zai san wanne ya yi aiki ba, in kuma ya ƙara lalacewa ba zai san wanne zai janye ba. Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Mai maganar Windows 11 kuma, gaskiya ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma ya kamata ya yi tunanin wannan saboda tsaro, amma ƙarewar tallafi ba ta yanke wa kowa waifai.

Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar hotsfot ɗin nan. Waya a kusa lafiya, waya a ɗaya ɗakin matsala. Wannan ba halin direba ba ne, halin kunnen da ba ya ji sosai ne. Malam, ka ɗauki laftof ɗin ka zauna taku biyu daga rautar, ka rubuta netsh wlan show interfaces, ka karanto mana kason da ke gaban "Signal". A wannan tazarar ya kamata ka ga 90 ko sama da haka. Sai ka koma inda ka saba zama ka sake dubawa. Sannan ka gwada tura allon baya a hankali ka dawo da shi gaba, kana sake rubuta umarnin, ka ga ko lambar na tsalle.

Tambaya ta ƙarshe, kuma ka tuna da kyau: an buɗe cikin kwamfutar nan kwanan nan?

Mai tambaya:
Ikon Allah! Kusa da rautar 58 nake gani, a teburina kuma tsakanin 20 da 30. Motsa allon bai canza komai ba. Maganar buɗewa kuwa, ai na manta ban faɗa ba: wata ɗaya da ya wuce tana zafi sosai, na kai an buɗe an share mata fanka an sa sabon man sanyaya. Ban taɓa kawo wa raina cewa yana da alaƙa da wannan ba.

Mai gyaran kwamfuta:
Yauwa, an zo wurin. Bari in yi maka bayani don ka san abin da za ka tarar. Eriyar laftof ba a jikin katin waifai take ba, tana can saman allo a bayan firam ɗin. Siraran wayoyi biyu ne suke saukowa daga can, su bi ta mahaɗar da allon ke juyawa a kanta, su zo su maƙale a kan katin. Yawanci ɗaya baƙa ce ɗaya fara, kuma a jikin katin za ka ga an rubuta 1 da 2, ko MAIN da AUX. Kawunansu ƙanana ne ƙwarai, kamar maɓallin riga na ƙarfe, dannawa kawai ake yi su kama. A kwamfutoci da yawa wayoyin nan ta gefen fanka suke bi, don haka mai sharewa yakan cire su ko ya ture su ba da saninsa ba. In ɗaya ta fita, katin zai ci gaba da aiki amma da rabin ji: kusa da rauta ya kama, da an ɗan yi nisa ya saki. Da a ce lambar na tsalle in ka motsa allo, da sai in ce wayar ce ta cinye a mahaɗa, wanda ya fi wahalar gyara. Tun da ba ta motsi, ina kyautata zaton fita kawai ta yi.

In za ka duba da kanka, ka kashe ta gaba ɗaya, ka zare caja, in ka buɗe murfin ƙasa ka fara cire kan batir daga allon uwa (motherboard, babban faifan cikin kwamfutar) kafin ka taɓa komai. Ka daidaita kan wayar a saman gurbinta sosai, sannan ka danna da farce ko wani abu na roba har ka ji ƙas. Kada ka tilasta. In ya karkace ka danna da ƙarfi, gurbin ne zai ɓalle daga jikin katin, ka ga an koma neman sabon kati. In ka san hannunka na rawa, gara ka mayar wa wanda ya buɗe ta, aikin minti biyar ne.

Wata 'yar'uwa:
Kuma kafin ka cire ko ka mayar da wani abu, ɗauki hoton cikin da wayarka. Kusoshin murfin ma ba duka tsawonsu ɗaya ba, ka jera su yadda ka kwance su. Na taɓa sa dogo a gurbin gajere, sai da ya ɓullo ta kusa da madannai.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta:
Na karɓi gyara, Oga. Amma Yaya, bayan ka gama ka rubuta netsh wlan show wlanreport a Command Prompt da ka buɗe da izinin mai gudanarwa ("Run as administrator"). Zai haɗa maka rahoton kwana 3 da suka wuce, da lokacin kowace yankewa da dalilinta. Da shi za ka tabbatar ko ta warke, ba da "kamar ya ragu" ba.

Mai tambaya:
'Yan'uwa na dawo da labari. Na buɗe ta ranar da mai gyara ya yi bayani, sai ga baƙar wayar nan tana reto a gefen fanka, farar kuma a zaune amma a karkace. Sai da na yi gwaji huɗu kafin baƙar ta kama, gumi duk ya jiƙa ni. Yanzu kusa da rauta 99 nake gani, a teburina 84. Na bari kwana uku suka cika na ciro rahoton da ƙanina ya ce, yankewa ɗaya kawai na gani, ita ma lokacin da na rufe murfin ne. Allah ya ƙara ilimi, ya saka wa kowa da alheri.

Hajiya, alamar nan da na cire ta tanadin wuta, in mayar da ita ko in bar ta haka?

Wata 'yar'uwa:
Mayar da ita ka yi kwana biyu kana lura. In bai yanke ba ka bar ta, batirinka zai ɗan ƙara jimawa.

Wani mamba:
To ni dai rautata ce ta gaji da gaske, wa zai duba min tawa?