Ina karɓar baƙi cin abincin dare a falona a Landan, yanzu masu gidan haya sun aiko da takarda

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin damuwa, kuma ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a Ingila. Tun ina yarinya a Zariya nake taya mahaifiyata suyar masa, ita kuma a wurin kakarmu ta koya, har tandar da nake aiki da ita yanzu tata ce, a cikin zannuwa na naɗo ta lokacin da muka taho. Da azumin bara na kai wa wata maƙwabciyata masa da miyar taushe, ita ce ta faɗa mini cewa a garin nan akwai masu shirya cin abincin dare a gidajensu, babu allo a ƙofa, mutum ya biya kuɗinsa ta waya, sai ana gobe a tura masa adireshi. Haka na fara, daren Asabar sau biyu a wata, mutum 10, kowa fam 35. Ina shimfiɗa leda a kan kafet, a zauna a ƙasa, a fara da dambun nama, a ci masa da taushe, a rufe da kunun gyaɗa.

Yanzu ofishin da ke kula da gidan ya rubuto cewa wani a benen ya kai ƙara saboda takalman da ake zubewa a bakin ƙofa, kuma suna tambaya ko kasuwanci nake yi. Ga shi mutanen Asabar mai zuwa sun riga sun biya, kuma ɗaya daga cikinsu ta tambaya ko za ta iya zuwa da kwalbar giyarta. Me zan amsa musu?

Anti ta Manchester: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kasuwanci kike yi, kada kowa ya ruɗe ki. Dokar ƙasar nan ta ce duk mai sayar da abinci a kai a kai, ko a ɗakin girkinsa ne, sai ya yi rajista da ƙaramar hukumarsa aƙalla kwana 28 kafin ya fara. Rajistar kyauta ce, kuma ba a hana kowa. Daga nan duba-gari zai zo ya leƙa firij ɗinki da wurin wanke hannu, ya ba ki maki daga 0 zuwa 5. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gyaɗa, domin tana cikin abubuwa 14 da doka ta wajabta a sanar da mai ci, tare da riɗi da madara da kifi da ƙwai, alhali taushenki da kununki duk gyaɗa ce, yajin ma da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. A nan akwai wanda loma ɗaya za ta toshe masa numfashi. Ki mayar wa mutanen Asabar kuɗinsu. Sannan wace irin biza gare ki?

Baban Sadik: Anti, a yi haƙuri, kin tsananta. Wannan sana'a a ɓoye ta taso a wurare da yawa. A Kuba a cikin gidaje mutane suka fara ta, har gwamnati ta halatta musu bisa sharaɗin kada a wuce kujera 12, a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, kuma ta bunƙasa bayan rugujewar tattalin arziki ta 2001. Maman Hanifa, ki ce musu abokai ne, abin da suke bayarwa kuma gudummawar cefane ce. Masu gidajen haya ba su da amana ko kaɗan, ni da na tashi daga nawa sun riƙe mini kuɗin ajiya saboda tabon man ja a bango, har yau ina binsu.

Anti ta Manchester: Malam, abokan da ba ta taɓa gani ba, waɗanda suka biya farashi ɗaya ta banki? Canza wa kuɗi suna ba ya fitar da ita daga doka. Fam 700 take karɓa a wata, kuma da zarar cinikin mutum ya wuce fam 1,000 a shekarar haraji, dole ya sanar da hukumar haraji.

Maman 'Yan Biyu: Ni na yi irin wannan a Birmingham na daina, kuma ba hukuma ce ta hana ni ba, mutanenmu ne. Sai mutum ya kama wuri ya zo da matarsa da yara uku, ya ce ai abincin gida ne, ya ci ya yi godiya ya tafi. Maganar giya kuwa, kada ki bari ta shiga gidan da kike salla.

Maman Hanifa: Na gode, amma Anti ba ki ga ɗakin girkina ba, ya fi na gidajen abinci da yawa tsafta, kuma ina gaya wa kowa da bakina cewa akwai gyaɗa. Sirrin nan shi ne abin da mutane suke so, idan na yi rajista aka baza adireshina a intanet, me ya rage? Da wannan kuɗin nake saya wa mahaifiyata magani, ba zan iya tsayawa kwana 28 ba. Giyar dai zan ce mata a'a.

Anti ta Manchester: A shafin intanet da ake nuna makin tsafta, ba a wallafa cikakken adireshin mai sana'a a gidansa, saboda haka wannan ba hujja ba ce. Ki ɗauko takardar hayarki ki karanta, galibinsu sun hana kasuwanci sai da izinin mai gida a rubuce, kuma idan kika yi musu ƙarya suka gano, gidan ne za ku rasa. Sunan wa ke kan takardar, kuma maigidanki ya ga wasiƙar? Har yanzu ba ki amsa mini maganar biza ba, domin idan ta ɗalibai ce, ba ta yarda mutum ya yi sana'ar kansa ba.

Maman Hanifa: Maigidana aikin dare yake yi, zan nuna masa idan ya huta. Na riga na biya kuɗin nama a wurin mahauci. Idan na ce wa baƙin su shigo da takalmansu ciki, su kuma riƙa zuwa bibbiyu, wannan zai wadatar na Asabar ɗin nan?